Zagayen Baron Minas a Makarantar Bakirjiyan

Duk wanda ya gama Bakirjiyan ya ji tarihin makarantar sau ɗaya a rayuwarsa, a tsaye, ranar Juma'ar ƙarshe kafin a sallami 'yan ajin ƙarshe. Ran nan ana tashi daga darasi za a kori ƙananan azuzuwa gida, a kulle ƙofar waje, malamai su shige ɗakinsu su rufo ƙofa. Mataimakin shugaba da hukuma ke turo mana, ko wane ne shi a wannan zamanin, sai ya tuna gashinsa ya yi yawa, ya ɗauki hularsa ya tafi aski. Na ga mataimaka iri-iri, har da wani mai sanƙo tal, shi ma bai taɓa fasa zuwa askin nan ba. Daga nan sai malami guda, mai riƙon zagaye, ya sa yaran a gaba ya bi da su lungu-lungu, tun daga ɗakin gawayi na ƙasa har ɗakin can ƙarƙashin rufi. Duk inda ya tsaya zai dafa bango ya faɗi abin da ya faru a wurin.

Ba a riƙe alƙalami, ba a tambaya, ba a shigo da baƙo, in an fita kuma ba a maimaitawa. Wanda ya ji sau ɗaya ya ji ke nan, ko da daga baya ya dawo ya zama malami, ko ma shugaban makarantar. Mutum ɗaya ne ke ji sau biyu, wato wanda mai riƙon ya zaɓa ya gaje shi. Shi zai tsaya a damansa a zagayensa na ƙarshe, ya buɗe kunne ya haddace. Kakanninmu ne suka tsara haka a zamanin da takarda ke kai mutum inda ba a dawowa. Zamanin ya wuce, ko dai mun ce ya wuce, amma mu Armeniyawan Istanbul in muka riƙe tsoro ba ma yarwa, sai mu goge shi mu jera a kabad tare da kwanukan baƙi.

Mai riƙon zagaye a zamanina Baron Minas ne, malamin harshenmu. Baron laƙabin girmamawa ne da muke yi wa maza, kamar a ce malam. Shi ya koya mini nahawu da rula a hannu, shi ya zagaya da ajinmu, da na dawo koyarwa kuma teburinmu ɗaya a ɗakin malamai. Kowa ya san ni zan gaje shi. Shi ma ya sani, gaggawar ce dai bai ga dalilinta ba. Ya yi ritaya daga aji amma ya ƙi sakin zagaye. Duk watan Yuni zai hau tudun Gedikpasha da sandarsa, ya ratsa ta gaban masu ɗinkin takalma, ya shigo yana haki cikin baƙar kwat ɗinsa.

"Baron, bana fa?" in ce masa.

"Bana me, Sirvart?"

"In tsaya a damanka."

"Kin ga na mutu ne?"

"Allah ya kiyaye, Baron."

"To ki daina auna mini akwati. Je ki kawo mini shayi. Kada ki sa sukari, likita ya hana. Ɗan sa biyu kawai."

Haka muka yi ta yi, yana tsufa ina bin sawunsa, har furfura ta gama da gaban kaina. Na taɓa kai ƙararsa wajen shugabarmu, Digin Araksi, Digin kuwa laƙabin matar aure ne a wajenmu. Ta cire tabarau ta kalle ni ta ce, "Ke yanzu so kike in je in ce wa mutumin da ya koyar da ubana ya shirya tafiya? Ki yi haƙuri, baɗi." Na fita ina ƙunƙuni. A wajenmu abin da kunya ta cinye ya fi abin da gobara ta cinye yawa.

Cikin sanyin shekarar da nake ba ku labari Baron ya faɗi a kicin ɗinsa. Maƙwabciyarsa ce ta same shi. Ɓarin damansa ya shanye. Ɗansa ya zo daga Montreal, ya yi kukansa, ya sama masa gado a ɓangaren tsofaffi na asibitinmu, ya koma wajen iyalinsa. Ban zarge shi ba. Rabin ɗalibanmu suna can ƙasashen, daga nesa suke son mu.

Na je duba shi da burodin Ista mai ƙamshi da yake so. Yana ganina idonsa ya yi haske, ya ce, "Sirvart." Na ji daɗi har na fara gode wa Allah. Sai ya ci gaba da magana, ya yi ta yi yana kallona, ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Na ɗauka nauyin baki ne.

Mai jinyar da ke gyara masa matashi ta kira ni da laƙabin da ake yi wa malamar da ba ta yi aure ba, ta ce, "Ba nauyin baki ba ne, Oriort. Yare ne. Tun da ya farfaɗo shi yake yi, ba mu san kansa ba."

Nan na tuna abin da duk mun sani amma ba mai faɗa. Baron Minas ba ɗan birni ba ne. A duwatsun Sasun aka haife shi, a wani ƙauye da Armeniyawansa suka daɗe da rasa harshensu, suna yin wani Larabcin dutse da ko Balarabe ba ya ganewa. Wani limamin coci ne ya kawo shi makarantarmu yana yaro, kai a aske, lokacin muna da ɗakin kwana. Bai san kalmar Armeniyanci ko ɗaya ba, 'yan birni suka yi ta yi masa dariya. Ya koye shi da haushi, har ya kai yana gyara wa manyan coci huɗubarsu a bakin ƙofa. A duk zamana da shi ban taɓa jin yaren ƙauyen ya fito daga bakinsa ba. Yanzu ciwo ya zo ya kwashe duk abin da ya koya, har Turkancin, ya bar masa abin da ya tsotsa. Likita ya ce akan yi haka. Na ce to sai yaushe zai dawo? Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi addu'a.

Na nemi mai fassara, kada ku ce ban nema ba. Na ɗauko wani tsoho ɗan Sasun da ke kunna kyandir a cocinmu na kai shi. Ya saurara ya girgiza kai, ya ce shi Kurdanci ya iya, wannan na ƙauyukan bayan dutse ne. Na yi ta cigiya. Amma mutanen bayan dutsen da suka shigo birni sun binne yarensu kamar yadda Baron ya binne nasa. Ki tambayi mutum, hancinsa da tafiyarsa duk na dutse, ya ce miki shi kaka da kakanni haifaffen Istanbul ne.

Da na ga Yuni na matsowa sai na karya doka, na shiga bin tsofaffin ɗalibai. Na fara da Garbis, mai sayar da zinariya a babbar kasuwa, ajinsa na gaba da namu. Ina faɗin abin da ya kawo ni ya leƙa hagu ya leƙa dama, a cikin shagonsa fa, ya aiki yaronsa sayo shayi, sannan ya rage murya.

"Sirvart, kin san ba a faɗa."

"Na sani. Faɗa mini."

"To... ɗakin gawayi dai, marayu aka ɓoye a ciki. Shekarar nan. Kin gane shekarar da nake nufi." Shekarar da aka yi wa mutanenmu kisan kiyashi ke nan, wadda ba ma kiran sunanta.

"Wa ya ɓoye su? Su nawa? Suka yi yaya daga baya?"

"Wallahi na yi kuka ran nan kamar an yanka ni," in ji shi. "Amma sauran, kin san an daɗe."

Berj likitan haƙori ya ce Garbis bai san abin da yake faɗa ba, tun yana yaro kansa ba ya riƙe komai sai farashi. A cewarsa littattafai aka ƙona a ɗakin gawayi, malamai da hannunsu, kafin a zo bincike. Marayun a babban zaure suka kwana. Onnik na Marseille na kira shi a waya, yana jin sunan makaranta ya fashe da kuka, da ƙyar na ciro daga bakinsa cewa tsagewar da ke jikin matakalar makarantar girgizar ƙasa ce ta yi ta. Matar Berj kuwa, ita ma tsohuwar ɗalibarmu, ta rantse da kabarin uwarta piyano ne ya suɓuce wa masu ɗauka, kuma akwai abin dariya a ciki, sai dai ta manta abin dariyar.

Ni ma da nake musu tsiya ban fi su ba. Abin da na riƙe shi ne tagar da ke tsakiyar matakala. A nan Baron ya jero sunaye, na mutanen da suka fita daga makarantar wata bazara ba su dawo ba. Na tuna ya ce a cikinsu akwai guda da ba a yi masa addu'a, don shi ya nuna wa hukuma sauran. Na tuna sabon takalmi ya matse ni, na tuna na yi kuka. Sunayen kam babu. 'Yar shekara sha takwas aka ba ni su, ina tunanin jarrabawa da rigar biki. Kowa haka aka ba shi. Duk wanda na tambaya ya tuna kukan, ba wanda ya tuna dalilinsa.

Na koma wa Digin Araksi hannu rabbana.

"Ki haɗa abin da kika samo ki faɗa musu," ta ce. "Yara ne, ba za su sani ba."

"Ni zan sani."

"To mu fasa bana."

"In muka fasa bana, baɗi wa zai yi?"

Ta shiga juya cokali a kofin da ba komai a ciki. 'Yan ajin ƙarshenmu a shekarar ba su cika bencin coci biyu ba, kuma duk mun san ajin da ke bin su ya fi su ƙanƙanta. Na ce mata mu ɗauko Baron daga asibiti. Mai jinya ta faɗa mini wani lokacin yakan yi gunagunin waƙar makaranta, ba kalmomi, amma muryar daidai. Na ce wataƙila in ya shaƙi warin ginin, ya dafa bangon da ya saba dafawa, harshen ya dawo masa ko da na yini ɗaya ne.

"In bai dawo ba fa?"

"Mun ba shi iska ke nan."

Ranar Juma'ar zagayen, motar asibiti ta hau tudu ta tsaya a ƙofa. An sa masa baƙar kwat ɗin, ta yi masa yawa kamar ta aro. Ekrem Bey, mataimakinmu na lokacin, ya sunkuya ya sumbaci hannunsa, ya ce bari ya je aski. Digin Araksi ta bi yaran da kwando ta karɓe wayoyinsu, ta karɓi tawa, ta shige ɗakin malamai da sauran ta rufo ƙofa. Ni na tsaya ina jiran in ga ko Baron zai kore ni. Ya ɗaga ido ya kalle ni, ya nuna gefen damansa da haɓa. Na tsaya a wajen da na yi shekara da shekaru ina roƙo, kusa da hannun da ba ya motsi.

Samari huɗu suka ɗaga kekensa suka sauka da shi ɗakin gawayi. An daɗe da daina gawayi, amma warin na nan, da sanyin ƙasa. Suka matsar da shi jikin bango. Ya miƙa hannun hagu ya manna tafinsa a kan dutsen, ya rufe ido.  Na yi ta addu'a a ciki, wadda na iya da wadda ban iya ba.

Ya buɗe baki. Muryar ce dai, muryar aji, wadda in ta tashi har masu takalma a waje sukan dakata da guduma. Ba rawa, ba in'ina, magana na bin magana kamar yana karanta ta a jikin bangon. Tarihin duk yana nan, bai ɓace ba. Sai dai da yaren dutse yake zubo shi.

Yaran suka juyo suna kallona. Na kafe idona a kan bango. Na ji ya ambaci Bakirjiyan, mai tagullar da ya gina makarantar, sunan ya wuce kamar ka hango ɗan'uwanka a tagar jirgin ƙasa. Can ya dakata. Na gane wajen, a nan ne ajinmu ya ja numfashi gaba ɗaya. Ba wanda ya ja komai. Ya buɗe ido ɗaya ya duba mu, ya ci gaba.

"Oriort," Masis ya raɗa mini, "me yake cewa?"

"Yi mini shiru."

Masis shi ne ɗan ajin da ya fi ba ni ciwon kai, satar amsa kamar da ita aka haife shi. Na ga ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya zaro waya daga cikin safa. Ashe biyu gare shi. A rayuwata ban taɓa gode wa Allah a kan maguɗin yaro ba sai ran nan. Na kau da kai na ce a raina, danna, ɗan albarka, danna.

Amma malamin da ya yi shekara hamsin yana kama masu satar amsa ba a yi masa wannan. Baron ya tsaya cak a tsakiyar magana. Ya buga hannun keke, ya daka tsawar da ba ta buƙatar fassara. Masis ya daskare. Baron ya nuna waya, ya nuna matakala, bai sake cewa uffan ba sai da yaron ya hau ya miƙa ta a ɗakin malamai ya dawo. Sannan ya sa kowa ya zazzage aljihunsa a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Ciwon ya ɗauke masa harsuna biyu, amma dokar nan bai taɓa ta ba. Na ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza shi, na tsaya ina nuna masa aljihuna babu komai sai hankici.

Muna hawowa sai na ji an ja hannun rigata. Lerna ce, yarinya mai shiru da ke zama a layin baya. Fuskarta ta yi ja har kunne.

"Oriort... kakata irin wannan take yi."

"Irin wanne?"

"Irin maganar Baron. In tana faɗa da kyanwa, ko in ta ƙone a kicin. Babana ya ce kada mu faɗa a makaranta."

"Ke kina ji?"

"Zagin kawai na sani."

Na sha shiga ajinsu ina cigiyar wanda ya san mai wannan yaren, tana zaune tana kallon teburi. Ban da lokacin yi mata faɗa. Na ce, "Tana ina yanzu?"

"Ta riga ta koma tsibiri, Kinali. Sai ta hau jirgin ruwa."

"Ruga wajen Digin Araksi ta ba ki wayarki. Ki ce mata ta taho yanzu, ko da silifas ne a ƙafarta."

"Ai ba a shigo da baƙo, Oriort."

"Alhakin a wuyana. Ruga!"

Daga nan aikina ya koma jan lokaci. Na ce wa samarin su huta, sun gaji. Na sunkuya na ce, "Baron, shayi?" Na yi kamar ƙafar keke ta maƙale a bakin ƙofa. Duk bai ci ba. Ya miƙa yatsa gaba yana kaɗa shi, yadda yake yi mana in mun makara shiga aji. Mutumin da ya ja mini rai tsawon rabin rayuwata, ran nan shi ne mai sauri.

A babban zaure ya daɗe yana magana, yana nuna ƙasa da faɗin hannu, daga wannan bango zuwa wancan. Marayu ne a kwance? Benci ne? Gawarwaki? Ban sani ba. A kan tsagewar matakala ya sa aka tsaya, ya faɗi wani abu ya fashe da dariya, rabin bakinsa na dariya rabi a sake. Yaran suka taya shi don ladabi. Dariyar ta fi mini kuka ciwo.

Da muka iso tagar tsakiya na shirya. Suna dai suna ne a kowane yare. Na raɗa wa na kusa da ni, "Kowa ya kama ɗaya ya riƙe, ku faɗa wa juna." Ya dafa gilashin ya fara. Krikor. Setrak. Hovnan. Tsakanin kowane suna da mai bi masa akwai dogon bayani, wani ya faɗe shi a hankali, wani da ɗaci. Yaran na ta motsa leɓe kamar masu addu'a. Sunayen sun fi mu yawa, wasu suka zube. Waɗanda muka kama ɗin ma, ba mu san wane ne malami wane ne ɗalibi ba. Ba mu san wanne ne aka tafi da shi, wanne ne ya nuna hanya ba. Na kalli Lerna tana maimaita nata a ƙasan numfashi da dukkan zuciyarta, na ce wataƙila wanda ba a yi wa addu'a ne yarinyar nan ta rungume.

Ina ta kasa kunne ko zan ji an buga ƙofar waje. Ba abin da ke shigowa sai gudumar masu takalma.

Ɗakin ƙarƙashin rufi shi ne na ƙarshe. Samarin suka kai shi suna zufa, ba wanda ya yi ƙorafi, har Masis. Nan ne tsohon ɗakin kwana, yanzu karyayyun tebura muke tarawa. Baron ya sa aka tura shi har lungun da rufin ya sauko. Ya dafa katako, muryarsa ta canza, ta ƙanƙance. Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Yaran suka fara sharar hanci, wata ta ɓoye fuska a kafaɗar ƙawarta. Su ma ga nasu kukan sun samu, kamar kowane aji kafin su. Mu aƙalla an faɗa mana dalili kafin mu manta.

Da haka ya kammala. Ya lalubo hannuna da hagunsa, ya ja shi ya manna a kan katakon, ya ɗora nasa a kai. Hannun ba nauyi, sai ƙashi da sanyi. Ya yi mini magana, ni kaɗai, doguwa, idonsa cikin nawa. Daga ƙarshe muryarsa ta hau kamar mai tambaya, ya tsaya yana jira.

Na duba fuskar nan. Gajiya ce a kanta, da wani irin sauƙi da ban taɓa gani a wajensa ba. Bai san da wane yare ya yi magana ba. A ganinsa ya yi zagayensa daidai kamar kowace shekara.

"Na ji, Baron," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya saki hannuna.

Muka sauko da shi tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar da ke bakin famfo. Direban asibiti ya fara duba agogo, Digin Araksi ta ja shi ofis ta cika shi da shayi da biskit. Ba yaron da ya tafi gida. Suka zazzauna a kan matakala suna kallon ƙofa. Baron ya sunkuyar da kai yana gyangyaɗi, ni kuma ina tsaye a kansa ina korar ƙuda. Na faɗa wa kaina ba a rasa komai ba tukuna. Tun da ya faɗa sau ɗaya zai sake faɗa, in ba yau ba gobe, ko a asibiti, ko mu sake ɗauko shi.

Rana ta karkata kafin a buga ƙofa. Wata gajeriyar tsohuwa ce ta shigo da baƙin ɗankwali, tana haki, jakarta a ƙirji.

"Wa ya mutu?" ta ce. "Lerna! Kin ce in taho da gudu, na bar wake a wuta. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Digin Hatun," na ce. "Zauna ki huta. Taimako muke nema." Na yi mata bayani a gurguje. Tana ji fuskarta na ɗaurewa. Ta juya ta watsa wa jikarta wani kallo.

"Wa ya ce na iya wannan yaren? Ni a nan birni na girma, a unguwar Samatya. Yarinyar nan ba ta da hankali."

"Don Allah, uwa."

"Na ce ban iya ba."

Hayaniyar ta farkar da Baron. Ya ɗaga kai ya yi gunaguni, ina jin ruwa yake nema ko yana tambayar wace ce. Kafin ta ankara amsa ta kufce mata da yaren. Ta toshe bakinta da hannu. Shi kuma ya zuba mata ido kamar wanda ya ji an kira shi daga wani ɗaki. Ya sake magana. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta matsa a hankali, ta durƙusa a gaban keken da gwiwoyinta masu ciwo. Suka yi ta yi, shi ya faɗa ita ta faɗa, ta buga ƙirji, ta ambaci wani suna, ya gyaɗa kai. Ta goge ido da bakin ɗankwali.

"Ƙauyensu na ƙasan namu," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ya san rijiyarmu. Ya san kawuna."

Na bar su kaɗan, don ba ni da zuciyar katse su. Amma na ga idonsa ya fara lumshewa, direba kuma ya fito yana kaɗa makulli. Na durƙusa kusa da ita na kama hannunta.

"Uwa, ki roƙe shi. Ki ce ya sake faɗin abin da ya faɗa ɗazu, tun daga ɗakin gawayi. Ba sai yau duka ba. Ko kaɗan-kaɗan ne, ke ki riƙa faɗa mini. Zan zo asibiti kullum, zan zo in ɗauke ki da kaina."

Ta juya ta faɗa masa. Ta daɗe tana faɗa, da alama ta ƙara da nata roƙon. Ya saurara har ta gama. Sannan ya girgiza kai, ya yi 'yar gajeriyar magana, ya nuna ni da haɓa. Ta sake gwadawa. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita, ya ƙara kalma biyu ko uku a hankali, ya jingina kai ya rufe ido. Fuskarsa ta saki kamar ta yaron da ya ƙoshi.

"Me ya ce?"

Digin Hatun ta dafa keken ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe gwiwoyinta.

"Ya ce ni ba 'yar makarantar nan ba ce, ba a faɗa a gabana. Ya ce kuma ba nasa ba ne yanzu, balle ya sake faɗa." Ta ɗauki jakarta. "Ya ce ki bar shi ya huta, 'yata. Ya ba ki duka ɗazu, ya tambaye ki, kin ce kin ji."

Direba ya zo ya kama bayan keken. Yaran da ke kan matakala suka juyo gaba ɗaya suna kallona.